Kwana biyu a Liyon tare da Baba: ta ina za mu fara?

Hadiza: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Baba zai zo daga Damagaram bikin kammala karatuna, ya ce ba zai koma gida ba sai ya ga Liyon, birnin nan na Faransa. Juma'a da Asabar kawai muke da su. Tsohon malamin tarihi ne, ba ya wuce allo bai karanta ba, ga shi gwiwa tana damunsa. Ni kuwa iyakata da garin tashar Part-Dieu, wurin canjin jirgi.

Malam Isufu: Wa'alaikumussalam. Allah ya sanya albarka, 'yata. Tunda akwai ciwon gwiwa, ku fara daga bisa ku gangaro. Ku shiga metiro layin D ku sauka a Vieux Lyon, nan za ku sami ɗan jirgin da ake ja da igiyar ƙarfe, shi zai hau da ku tudun Fourvière cikin 'yan mintoci. Kada wani ya ruɗe ku da matakala, ba ta dattijo ba ce. A farfajiyar babbar majami'ar da ke saman tudun za ku ga garin duka a shimfiɗe, kogin Son a ƙarƙashinku, na Ron a bayansa. In ya ga wannan da farko, duk inda kuka je daga baya zai san inda yake.

Sani: Gaskiya ne Malam. Kuma daga nan ba nisa zuwa tsohon dandalin wasan kwaikwayo na Rumawa, shiga kyauta ne. A kan tudun nan aka kafa garin, shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da sunan Lugdunum. Gidan tarihin da ke gefen dandalin ma sunansa ke nan. Abin da zai yi wa Baba daɗi, ta sama ake shiga, sai a yi ta gangarawa a hankali a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya mai kewaye. Hadiza, ki kai shi gaban allon tagullar nan mai ɗauke da jawabin Sarki Kalaudiyus na shekara ta 48, inda yake neman a bar manyan mutanen Gol, wato yankin Faransa na zamanin da, su shiga majalisar dattawan Rum. Shi kansa sarkin haifaffen Liyon ne. Harufan suna nan raɗau kamar jiya aka sassaƙa su.

Hadiza: Yaya Sani, wannan kam na san sai na janye shi da ƙyar. To sallar Juma'a fa?

Hajiya Mariya: Layin D ɗin nan dai shi zai kai ku. Ku sauka a Laënnec, babban masallacin yana kan titin Pinel, tun 1994 aka buɗe shi. Ku yi sammako, yana cika, akwai ɓangaren mata. Sannan ƙanwata, ki kula da abinci. Gidajen abincin gargajiyarsu da suke kira bushon, alade ne ginshiƙinsu. Farkon zuwana na nemi salak, na ɗauka ganye ne da ƙwai, aka kawo mini shi da gutsattsarin naman alade a barbaɗe a kai. Na biya, na tashi da yunwata, raina ya ɓaci ƙwarai ranar. Ko miyar kifi ce ki tambaya ko an zuba giya. In ba ku son dogon bayani ku sauka a Guillotière, ga mahautan halal, ga kuskus, ga shinkafa da miyar gyaɗa ta 'yan Senegal.

Abdul: Ni dai Musée des Confluences zan ce. Ginin ƙarfe da gilashi ne a daidai inda kogunan biyu suka haɗu, ƙarshen 2014 aka buɗe. Akwai ƙwarangwal ɗin mamut, irin giwar nan ta zamanin da, akwai kayan Afirka. Taragon T1 har bakin ƙofa.

Malam Isufu: Wurin yana da kyau Abdul, amma yana cin rabin yini, kuma labarin duniya yake ba da wa. Mutumin da ya zo ganin Liyon a kwana biyu, unguwar masaƙa ta fi cancanta da ƙafarsa. Croix-Rousse nake nufi. Ni ɗan gidan saƙa ne, na tashi ina jin ƙarar ƙoshiya a zauren kakana a Tasawa. Ranar da na shiga Maison des Canuts, gidan tarihin masaƙan unguwar, aka tayar da masaƙar Jakar a gabana, sai da idona ya ciko. Ƙoshiyar dai ita ce, takawar ƙafar ita ce, sai dai a sama an jera wasu kwalaye masu huji-huji an ɗinke su kamar sarƙa. Kowane kwali shi ke faɗa wa masaƙar zaren da za ta ɗaga da wanda za ta bari, a haka fure ke fitowa a jikin alharini. Tsawon masaƙar ne ya sa ɗakunan unguwar suke da rufi kusan mita 4 da manyan tagogi. A ɗaki guda ake saƙa, a ci, a kwana. A watan Nuwamba 1831 masaƙan suka yi bore saboda 'yan kasuwa sun ƙi biyan farashin da aka yi yarjejeniya, har suka riƙe garin na 'yan kwanaki, suka sake tashi a 1834. Takensu shi ne a rayu ana aiki ko a mutu ana faɗa. Layin C ke hawa can daga Hôtel de Ville. Ki kira tukuna ki ji ƙarfe nawa suke tayar da masaƙar, don ganinta a tsaye ba ya gamsarwa.

Sani: A ƙara da tirabul, hanyoyin nan da ke ratsa cikin gidaje daga wannan titi zuwa wancan. Mafi tsawo a tsohon gari tana farawa daga lamba 54 titin Saint-Jean ta ɓulle titin Boeuf. Ƙofa ce kamar ta kowa, ki tura kawai da safe. Mutane na zaune a ciki, sai a sassauta murya. Duwatsun titin dai suna da santsi in an yi ruwa, ki riƙe masa hannu.

Hajiya Mariya: In ya gaji, lambun da ke tsakiyar Musée des Beaux-Arts, gidan tarihin zane-zane, a dandalin Terreaux akwai kujeru da inuwa, ba a biya. A ciki kuma akwai sashen kayan ƙasashen Musulmi da na Masar ta da. Ranar Talata suke rufewa, yawancin sauran kuma Litinin, ku bai shafe ku ba.

Alhaji Mamman: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Hadiza, akwai wurin da ba a cikin gari yake ba, amma ni a wurina ya fi duk waɗannan. Ƙauyen Chasselay, arewa da Liyon, tafiyar kamar rabin awa a mota. Ranakun 19 da 20 ga Yuni 1940 sojojin Afirka na runduna ta 25 suka tare Jamusawa a wannan yanki. Da harsashi ya ƙare suka miƙa wuya, sai aka ware baƙaƙe daga Turawa, aka kora su cikin fili, aka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. An kira su 'yan Senegal, amma irin waɗannan sojoji daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka aka kwaso su, har da tamu. A 1942 aka buɗe maƙabartarsu, ana kiranta Tata. Katanga ce ja irin ginin ƙasa na Sahel, a tsakiyar gonakin Turawa, in ka hango ta sai ka ce gida ka zo. Kaburbura kusan 200 ne, da yawa an rubuta ba a san sunan mai shi ba. Na bi su layi-layi ina karanta sunaye, na yi musu addu'a, na kasa tashi.

Hadiza: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji, wan mahaifin Baba an ɗauke shi soja zamanin yaƙin nan, bai dawo ba, ko takarda ba a kawo ba. Har yau in Baba ya yi addu'a sai ya ambace shi. Yanzu na tura masa saƙonku, ya ce ko ba a ga komai ba a kai shi can.

Malam Isufu: Allah ya jiƙansu. To ga yadda za a yi. Juma'a da safe Fourvière da gidan tarihin Rumawa, sai masallaci, sai abinci a Guillotière, ya huta. Asabar da safe Chasselay, da yamma masaƙa in ƙafa ta yarda.

Abdul: Na janye tawa, Confluences sai wani zuwan. Amma in kun fito masallaci, Monplaisir-Lumière na kan hanyarku a layin D, inda 'yan uwan nan biyu, su Lumière, suka ɗauki fim ɗin ma'aikata suna fitowa daga masana'antarsu a 1895. Ko daga waje ne ya ga ƙofar.

Hadiza: Na rubuta duka. Alhaji, bas na zuwa Chasselay ranar Asabar?

Alhaji Mamman: Bar maganar bas, 'yata, ba da wannan gwiwar ba. Ni zan zo in ɗauke ku da motata ƙarfe 9. Ki turo mini sunan masaukinku ta gefe, ki kuma tambayi Baba cikakken sunan marigayin da garin da aka ɗauke shi, mu duba duwatsun tare.