Garin da teku ya kewaye ma yana layin ruwa?

Ɗan Zango: Salamu alaikum ƴan fada. Yau kwana 3 famfonmu ko ɗigo babu. Ni dai na ce da Damagaram ƙaramin gari ne a tsakiyar teku, irin Dzaoudzi ta Mayot, tsibiran Faransa a tekun Indiya, da tuni mun huta. Ruwa ta ko'ina, magajin gari ya san kowa, ga kuɗin Faransa. Wa ke da ja?

Malam na Birni: Wa alaikumus salam. Ni ke da ja, ɗana. Ruwan teku gishiri ne, ba ya shayuwa. Mutanen Mayot da ruwan sama suka dogara, wanda ake tarawa a madatsu biyu, Combani da Dzoumogné. A 2023 damina ta gaza, madatsun suka kusa ƙafewa, har aka kai ga rufe famfo kwana biyu cikin kowane kwana uku. Kuma ka tuna tun 2011 Mayot jiha ce ta Faransa cikakka.

Ɗan Zango: Na ji, Malam. Amma a 2023 ɗin ai gwamnati ta yi jigilar ruwan kwalba a jirgin ruwa, ta raba wa jama'a kyauta. Mu wa ya taɓa kawo mana ko bido ɗaya?

Yaya ta Garin Malam: Nan kam ƙanena ya faɗi gaskiya. Jiya ƙarfe 2 na dare na tashi, na jera bido shida gaban famfo, ina zaune kan tabarma ina sauraren bututu yana hura iska. Har aka kira asalatu bai kawo ba. Da safe dole na tare mai ga-ruwa, shi ma ya ninka kuɗi, kuma ban ga laifinsa ba, daga nesa ya turo kurar. Yarana biyu ba wanka suka tafi lakwal.

Malam na Birni: Sannu, Allah ya kawo sauƙi. Matsalarmu tsohuwa ce. Garin nan bisa dutse yake, shi ya sa ake jawo mana ruwa daga waje, Gogo-Machaya, Aroungouza, daga baya Ganaram. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926.

Direban Sabon Gari: Ku bar ni in sa baki a maganar tsibiri. Dzaoudzi tana kan ƙaramin tsibirin Mayot, babban asibiti kuwa yana Mamoudzou a kan babban tsibirin, sai an hau jirgin fito an ƙetare. Ranar 14 ga Disamba 2024 guguwar Chido ta daki Mayot, ta kwashe rufin gidaje, ta yanke wuta da ruwa. Taimako ba ta hanyar mota zai zo ba, sai jirgi. Mu ko abu ya ɓaci, kafin dare mota ta iso daga Maraɗi ko Kano.

Ɗan Zango: To injin tace ruwan teku fa? Na san akwai shi a ƙaramin tsibirin.

Direban Sabon Gari: Akwai, amma wuta yake ci sosai, kuma bai hana su shiga wahalar 2023 ba.

Yaya ta Garin Malam: Ni maganar magajin gari ya san kowa ce ta tsaya mini. Ko ya san sunana, in ba shi ke riƙe da makullin famfo ba, me zai yi mini? Abin da nake so kawai a sanar da mu ranar da kowace unguwa za ta samu. Can Mayot ai jadawali ake fitarwa, mace ta san yaushe za ta cika randa.

Ɗan Zango: Yawwa Yaya, kin dawo kan maganata ke nan. Ban janye ba, Malam. Ko babu ruwa, sun fi mu sanin halin da suke ciki.

Malam na Birni: A kan jadawalin na yarda da kai, a kan teku ban yarda ba. Bayan la'asar zan ga mai unguwa, mu rubuta takarda mu kai meri. Wa zai raka ni?

Yaya ta Garin Malam: A sa sunana, Malam. Zan taho da matan layinmu.