Zaman Malam da Inna: so ne ko haƙuri?

Yaya Babba: Salam jama'ar gida. Ga hoton kakanninmu Malam da Inna na tsinta a ƙasan akwatin Inna, wanda suka ɗauka da za su tafi hajji. Allah ya jiƙansu. Wlh irin wannan soyayyar ta tafi da masu ita.

Auta: Amin. Amma Yaya kar a ce na yi rashin kunya, ni fa ban yarda soyayya ce ba, haƙuri ne kawai. Yarinya ƙarama aka ɗauka aka ba mutumin da ko zance bai taɓa zuwa wajenta ba, ta zauna don ba ta da inda za ta, mu kuma yanzu mun sa masa suna soyayya. Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunansa ba, shi ma daga "ke" sai "ke".

Baffa: Haba Auta. To ai Gwaggonku ma Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba har ta koma ga Allah saboda 'yar fari ce, sai ki ce ba ta son 'yarta? Kunya ce ta mutanen da.

Auta: Na ji wannan Baffa. Maganar zaɓi fa?

Gwaggo: Ni ban saba dogon rubutu ba amma yau sai na yi, don wannan magana ta taɓa ni. 'Yata wa ya ce miki Inna ba ta da inda za ta? Ina ƙarama ta taɓa yin yaji, ta goya Baffanku ta riƙe hannuna muka tafi gidan su, Malam bai aiki kowa ba shi da kansa ya hau keke ya je biko, ya durƙusa gaban mahaifinta yana ba da haƙuri kuma sai da aka tambaye ta ta ce za ta koma sannan aka ba shi ita. Ta san hanyar gidan ubanta sarai, ta san hanyar gidan alƙali, ƙawayenta nawa suka fita suka sake aure a gabanta. Sannan lokacin Malam yana sayen gyaɗa a garin Malam Madori ana loda wa jirgin ƙasan Nguru zuwa Kano, aka yi farin 1973, kafin a farfaɗo ciwon gyaɗa na 1975 ya zo ya cinye gonaki, ya karye ƙarƙaf har bashi ya hau kansa. Yayyenta suka zo da niyyar tafiya da ita har abin ya lafa. Ina tsaye a bakin ƙofa ta ce musu ba inda za ta. Ta sauke kwanukan jerenta kaf ta haɗa da awakinta ta sayar, ta ƙulle kuɗin a gefen zani ta ajiye masa ƙarƙashin buzun sallarsa don kar ya ji nauyin karɓa daga hannunta. Da wannan ya fara tireda.

Yaya Babba: Allahu akbar. Ni ban taɓa jin wannan ba.

Matar Baffa: Ku yi haƙuri in sa baki, ni dai ina ganin Auta tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Ba duk auren da ya daɗe ne ake jin daɗinsa ba, akwai matan da suka shekara hamsin suna haɗiyar baƙin ciki, in sun kai ƙara gida a ce koma ki yi haƙuri, ranar da suka mutu a ce ga masu zaman lafiya. Irin wannan yabon shi ke rufe bakin yaranmu. Kuma Yaya Babba mutuwar aure ba yau ta fara a ƙasar Hausa ba, kalmar bazawara ta girme mu duka, haka nan masu riƙon amana ba su ƙare ba.

Malamin gida: Gwaggo ta gama magana ai. A Suratur Rum aya ta 21 abu biyu Allah ya ce ya sanya tsakanin ma'aurata, ƙauna da jinƙai, tare aka ambace su. Manzon Allah (SAW) ya zauna da Nana Khadija kusan shekara 25 bai yi mata kishiya ba, bayan rasuwarta in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta. Malam ma bai taɓa ƙara aure ba.

Baffa: A'a ɗana, kar ka sa rashin ƙarin aure ya zama ma'auni. Akwai mai mata ɗaya da ya hana ta sakat, akwai mai uku da ya riƙe su da adalci. Malam dai ra'ayinsa ne, abokansa sun yi ta zuga shi da ya samu ya ce ina aka tafi da su lokacin da ba shi da ko sisi.

Matar Baffa: Nasu kam ni shaida ce don ni na yi jinyarsu. Da haƙoransa suka zube kullum da hantsi Inna za ta jawo magogi ta goga masa goro a tafin hannunta, ga hannun yana rawa, in na ce kawo in yi sai ta ce ban san daidai laushin da yake so ba. Shi kuma da hunturu kafin kiran assalatu zai lallaɓa da sanda ya hura gawayi ya ɗuma mata ruwan alwala a buta saboda ciwon ƙafarta, mun hana mun gaji. Da ya rasu ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, abinci sai da lallashi, ba ta rufa shekara ba ta bi shi.

Auta: Wlh kun sa ni kuka. Na yarda so ya shiga daga baya, mai ƙarfi ma. Amma ban janye maganar farko ba, sa'a suka yi Malam mutumin kirki ne, da wani ne fa? Baffa tsakani da Allah za ka yi wa 'yarka irin wannan auren yau?

Baffa: Ba zan yi ba.

Malamin gida: Shari'a ma ta ce a nemi izinin budurwa, shirunta shi ne yardarta, bazawara kuwa sai ta furta da bakinta.

Gwaggo: Shi kansa Malam bai yi mana haka ba. Da aka zo neman aurena Inna ya tura ɗaki ta tambaye ni, na yi shiru, ya ce shirun nan bai gamsar da shi ba a koma a sake tambaya. Na farkon ma na ƙi shi, kuma ko a fuska bai nuna min ba, ya mayar musu da kayansu.

Auta: To kun gani, shi ma ya san akwai gyara kenan.

Baffa: Ya sani mana. Yaya Babba ka kai hoton nan a wanke mana manya, kowane gida a ba shi ɗaya, ni zan biya.