A356 ɗina yana tsiyayar ruwa in na matse shi, ina matsalar take?

ɗalibin_ƙarfe:
Salam 'yan uwa. Ina furojet ne kan sarrafa alminiyam yana rabin narkewa, wato bai zama ruwa gaba ɗaya ba kuma bai daskare ba. Na yanko guntu daga ingot (dunƙulen ƙarfen da aka zuba) na A356, wato haɗin alminiyam da silikon, na sa a fanes (tanda) har 585°C, da na matse shi a mol (mazubin da ke ba shi siffa) sai ruwan ya fice gefe ya bar min wani abu duk tsagu. Zafin ne bai kai ba ko me? Don Allah masana a taimaka.

injiniya_zubi:
Wa'alaikumussalam. Zafinka lafiya lau, A356 yana fara daskarewa wajen 615°C ya gama wajen 555°C, to 585 kana tsakiya. Matsalar ingot ɗin ce kanta. Ƙarfen da aka zuba aka bar shi ya huce da kansa ƙwayoyinsa rassa suke yi su sarƙe juna, shi ake kira dendirait, in ka dumama ka matse rassan ba sa motsi, ruwan da ke tsakaninsu ne kawai zai gudu, abin da ka gani kenan. Abin da ake nema ƙwayoyi masu zagaye da ke yawo cikin ruwan, su ne in an taɓa su suke zamewa kan juna. Bilet, wato guntun da ake dumamawa a matse, in ya yi daidai za ka ɗaga shi da awartaki bai zube ba amma wuƙa tana ratsa shi kamar man shanu. A jami'ar MIT ta Amurka aka fara ganin haka a 1971, David Spencer ɗalibin Merton Flemings yana juya haɗin kuza da dalma yana daskarewa sai ya ga kaurinsa ya faɗi ƙasa sosai. Kamfanoni da maganaɗisun lantarki suke juya ruwan lokacin da ake zuba bilet don ƙwayoyin su fito zagaye.

ɗalibin_ƙarfe:
Na gode Injiniya, amma lab ɗinmu babu wannan injin fa, fanes ne kawai da fires, injin matsewa.

mai_fanes:
Ƙanena ba sai da injin ba. Nemi farantin ƙarfe ka jingina shi a karkace, ruwan sanyi na bi ta ƙasansa, ka narka alminiyam ɗin ka bari ya sauko kusa da 630°C sannan ka zuba ta kan farantin ya gangara cikin mol. Ƙananan ƙwayoyi suna fitowa a jikin farantin, ruwan na wanke su yana tafiya da su kafin su yi rassa. In ka zuba da zafi sosai kamar 700 aikin banza ka yi, ƙwayoyin narkewa za su sake yi. Ka shafa boron naitaraid a farantin kar ya manne. Ɗan Al-5Ti-1B, wato haɗin alminiyam da titaniyam da boron da ake sa wa narkakken ƙarfen, shi ma yana taimakawa ƙwayoyin su fito ƙanana.

injiniya_zubi:
Tunda yana da fires akwai kuma hanyar da ake kira SIMA, wato a murƙushe ƙarfen tukuna sannan a dumama, ƙwayoyin su sake haihuwa ruwa ya shiga iyakokinsu. Sai dai A356 na zubi ne, in an matse shi da sanyi da yawa tsagewa yake, ni a ganina farantin ya fi masa.

mai_fanes:
Haka ne yallaɓai. Sannan kai ɗalibi kar ka yarda da lambar da fanes yake nunawa, huda bilet ɗin ka cusa tamokopul (wayar auna zafi) a cikinsa, kusa da 577°C yutektik ɗin (ɓangaren haɗin da ke narkewa kusan lokaci guda) ke narkewa kuma digiri kaɗan ya isa ya canza maka yawan ruwan. Kar ya daɗe a ciki kuma, ƙwayoyin girma suke yi ruwan ya taru a gindi bilet ɗin ya buɗe ƙasa. Kafin ka je fires jefa guda ɗaya a ruwan sanyi, yanka, goge, ka duba a maikuroskop, in har yanzu rassa ne kar ka ɓata mol ɗinka.

ɗalibin_ƙarfe:
Allah ya saka da alheri. Farantin na jan ƙarfe ya fi ko na ƙarfe zalla ma zai yi?