"Tafiya sannu-sannu kwana nesa": ni take kare wa ko ƙanena?

Abban Hanifa: Salamu alaikum. Jiya da daddare muka yi cacar baki da ƙanena, har yanzu abin na cin raina. Yaron nan ba shi da zance sai na mota: ya canza salansa, ya sa manyan tayoyi, in ya tayar da ita duk unguwa sai ta sani. Ya ɗauko ni muna dawowa daga tafiya, na leƙa maleji na ga allura ta haura 140. Na ce kai, tafiya sannu-sannu kwana nesa. Ko ɗaga ƙafa bai yi ba ya ce, "To ai Yaya ka faɗa da bakinka, mai sannu-sannu nesa da gida zai kwana." Wallahi na rasa ta cewa. Jama'a, tun ina yaro nake faɗin maganar nan, ashe bibiyu take?

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Ƙanenka dai ya raina maka hankali ne. Nesa ɗin da ake nufi nisan da ka ci ne, ka yi ta tafiya ba ka karye a hanya ba har dare ya same ka can gaba.

Ɗan Totur: Anti, a yi adalci. In haka ne me ya sa aka ce sannu ba ta hana zuwa, *sai dai a daɗe ba a je ba*? Su kansu masu maganar sun san sannu na da tsada. Kuma a Jamus akwai manyan titunan da ba a ƙayyade gudu ba, ba su ƙare ba.

Oga Bakanike: Ɗan Totur, kullum sai ka kawo mana Jamus. Ko a can ɗin shawarar hukuma ita ce kada a wuce gudun kilomita 130 a awa, kuma wurare da dama a kan titin akwai allon iyaka. Ga lissafin da nake yi wa yarana a gareji. Tafiyar kilomita 100, in kana kan 100 awa guda ce, in kana kan 120 minti 50 ce. Minti goma kacal ka ci. Amma nisan da birki zai ja kafin mota ta tsaya ba ya bin gudu ɗaya bayan ɗaya: in ka ninka gudu biyu, nisan ya ninka huɗu. A kan 120 kana cinye mita 33 duk daƙiƙa. Ka duƙa ka duba waya na daƙiƙa uku, ka yi tsawon filin ƙwallo ido rufe.

Na-Gefe: Ku duka kun ɓata. Kwana ɗin nan ba na barci ba ne, kwanar titi ce. Wato ka rage gudu tun kwana tana nesa. Magabata sun hango mota.

Maman Sadiq: Allah Ya shirye ka, Na-Gefe.

Oga Bakanike: Da wasa ya faɗa amma gaskiya ce. Birki kafin kwana ake taka shi, ba a cikinta ba.

Jikar Inna: Bari in ba ku labarin kakata, Allah Ya ji ƙanta, don ita ce mutum ɗaya da na san ta gwada karin maganar nan da jikinta. Tana amarya aka sa ta a gingimari za ta bi kakanmu inda aka tura shi aiki. Motoci biyu suka tashi tare. Direbansu dattijo ne, ta ce in yana tuƙi kamar yana jan carbi, ko rami ya gani sai ya gaishe shi kafin ya wuce. Ɗayan kuwa yaro ne mai ji da kansa, tun fitarsu ya danna oda ya wuce su, yaran motarsa suna ɗaga musu hannu suna dariya, ƙura ta rufe su. Fasinja suka fara gunaguni. Wani ya ce wa dattijon ko tsoron totur yake? Shi dai bai tanka ba, can ya ce tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Bayan la'asar sai ga motar yaron a gefen hanya ta karkace, tayar gaba ta fashe, ta ja su cikin daji kaɗan. Ba wanda ya mutu, amma wata mata ta karye a hannu. Inna ta ce nan duk motarsu aka hau jinjina wa dattijo, wanda ya yi masa gorin totur ma har da durƙusawa. To jira ku ji. Dattijon nan ya ce ba zai bar ɗan'uwansa a daji ba. Ya sauke safayarsa ya ba shi, aka yi ta fama da jak har magariba. Da aka gama, yaron ya shiga motarsa ya ba ta wuta, ya isa gari a daren. Su kuwa dattijo ya ce idonsa ba ya gani sosai da dare, kuma ga shi ba safaya, ba inda za shi. Nan suka kwana a bakin hanya, amarya da lallenta, sauro ya yi mata walima.

Ɗan Totur: Allahu Akbar! Kun ji ko? Wa ya kwana nesa?

Jikar Inna: Ban gama ba. Tun daga ranar Inna ta riƙe maganar da baki biyu. In ta aike ka kana jan ƙafa sai ta ce, "Ka dai ci gaba, sannu-sannu kwana nesa, ni na kwana." In kuma ta ga kana rawar jiki za ka zubar da abu, sai ta jefo maka ita ɗin dai, da murya ɗaya. Da yayana ya sayi motarsa ta farko ya ɗauke ta yawo, ya miƙa hannu zai ɗaura mata bel ta buge hannun, wai ita ba akuya ba ce. Amma duk sanda ta ji iska ta fara kuka a gilashi sai ta kama kunnensa ta murɗa har sai ya sassauta. Ya ce kunnen nan ya fi kowane allon titi aiki. Daga baya ta yarda da bel ɗin, ranar da ya taka birki don wani yaro ya gifta, goshinta ya daki gaban mota. Ba ta ce komai ba, washegari da kanta ta jawo shi ta ce a nuna mata ramin.

Malam Sani Mai Nasiha: Allah Ya gafarta wa Inna. Zancen bel ɗin nan ya tuna min da huɗubar da na ji, liman ya yi faɗa a kan masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa don su fake su ƙi ɗaurawa. Ya kawo hadisin mai raƙumi: ɗaure shi, sannan ka yi tawakkali.

Ɗan Totur: Malam, ai raƙumin aka ce a ɗaure, ba mai raƙumin ba.

Tsohon Direba: Yaro, ka kiyaye harshenka. Shekara talatin ina kan titi. Bel ɗin da kake wa dariya, irin mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wani injiniya a kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya fito da shi a 1959, kuma kamfanin ya bar kowa ya kwafa kyauta saboda rai. Jakar iskar nan mai fitowa lokacin hatsari da kuke taƙama da ita, an yi ta ne ta taimaki bel, in ba ka ɗaura ba tana iya zame maka mari. Ku masu kallon tseren motoci na Formula 1, ba ku ga direba Romain Grosjean a Bahrain a 2020 ba? Mota ta rabe biyu ta kama da wuta, ya fito da ƙafarsa, da ƙuna a hannu. Me ya cece shi bayan ikon Allah? Ɗamara, hular kwano, rigar da ba ta cin wuta, da ƙarfen nan da aka kewaye kan direba da shi tun 2018. Kuma filin nan ba mai tsallaka titi, ba tirela a hannunka, likita na tsaye. Kai da silifas da waya a hannu kake son ka yi irin nasa.

Na-Gefe: Baba, ai akwai waɗanda karin maganar ba ta hau kansu. Ka ji jiniya, mota goma sha biyu a jere, kowa ya faɗa kwata. Su ba sa kwana nesa, mu suke sa wa.

Maman Sadiq: A'a, suna aiki da ita mana. Titin da aka zo da ganga aka aza harsashinsa ina goyon Sadiq, yanzu Sadiq na neman lasin tuƙi. In wannan ba sannu-sannu ba ce, mece ce?

Na-Gefe: Za a gama shi gab da zaɓe, kilomita biyu, daidai inda kyamara za ta tsaya.

Abban Hanifa: Don Allah a dawo kan magana, kada a rufe mana zaure.

Tsohon Direba: To ni dai ba na goyon bayan kowa ɗari bisa ɗari. Wanda ya hau hannun masu sauri yana rarrafe shi ma hatsari ne, shi ke sa mutane wuce mota a inda bai kamata ba. Kuma sannu ɗin da za ta kai ka tuƙin tsakar dare kana gyangyaɗi ba alheri ba ce. Dattijon Inna da ya ƙi tafiyar dare ya fi burge ni a kan rashin gudunsa. In barci ya zo, nemi wuri mai haske da mutane ka tsaya, ba kafaɗar titi a duhu ba. A cunkoso kuma kulle ƙofa, ka bar tazarar da za ka riƙa ganin tayoyin bayan motar gabanka, don in wani abu ya taso ka iya karya sitiyari ka fice.

Oga Bakanike: Tunda tayar gaba ce ta kayar da yaron can, Abban Hanifa ka duba na ƙanenka. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2317, mako na 23 ne a 2017. Zane na iya zama kamar sabo alhali roba ta tsufa ta bushe.

Jikar Inna: Oga, Inna da tana nan da ta ce maka ita ma an buga mata lamba amma ta fi sababbi ƙarko.

Abban Hanifa: Na tura masa duk abin da kuka rubuta. Ya karanta, ya ce labarin Inna ya tabbatar da maganarsa, amma zai duba tayoyin. Yanzu kuma wai in tambayi Oga ko salansar da ya sa tana ƙara wa mota gudu ko ƙara kawai take yi.

Oga Bakanike: Ya kawo ta in ji da kunnena. Ya taho a hankali.

Ɗan Totur: To sai jibi ke nan.