Peugeot 504 tana mutuwa a kan hanya bayan 'yar tafiya: daga ina zan fara bincike?

Magajin Fijo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motoci masu kafireta. Motar Peugeot 504 ce ƙirar 1984, daga cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, mai injin fetur na lita 2 da kafiretar Solex. Ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, kuma ta yi shekaru a ajiye ba a hawanta, da ɗan ragowar mai a tankinta. Da muka yanke shawarar dawo da ita kan titi, an sauya mata batir da fulogogi da kwantak da baƙin mai, an wanke kafireta, sannan aka zuba sabon fetur a kan wanda ya rage.

Da safe bugu ɗaya take tashi, kuma tana iya daɗewa a tsaye tana silo ba tare da ko tari ba. Matsalar tana bayyana ne idan na hau babban titi na sa giya ta huɗu: bayan tafiyar kilomita 10 zuwa 15 sai ta fara fizga, ƙarfinta ya ragu, in na ƙara taka totur ta ƙara shaƙewa, daga nan ta mutu. In na buga nan take ba ta tashi, amma in na jira kamar minti 10 sai ta tashi lafiya lau, ta yi wata 'yar tafiyar, ta sake mutuwa. Bakaniken da ke duba min ita ya sake kwance kafiretar ya wanke, ba abin da ya sauya, yanzu kuma yana ba da shawarar a cire Solex a sa kafiretar wata motar Japan, a kuma ɗaura famfon mai na lantarki. Ni dai ba na son a sauya wa motar nan kayanta na asali sai in dole ta sa. Da wane abu ya kamata in fara?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Ɗana, kada ka bari a cire kafiretar nan tukuna, domin abin da ka bayyana bai yi kama da laifinta ba. Kafiretar da ta toshe ko ta lalace ba ta zaɓar lokaci: in tana da matsala da safe, da rana ma haka take. Motar da ke silo lafiya, ta yi tafiya lafiya na wani lokaci, ta mutu, sannan ta farfaɗo don kanta bayan an jira, yawanci man ne ba ya isowa kafiretar da yawan da injin ke buƙata. A silo ɗan kaɗan take sha, don haka ko da hanyar man ta kusa toshewa, ƙoƙon kafireta, wato ɗan mazubin da mai ke taruwa a cikinta, yana cika. A kan babban titi kuwa injin yana shan fiye da abin da ke isowa, ƙoƙon ya riƙa raguwa har ya ƙafe.

Gwaji na farko a bakin hanya za ka yi shi, a daidai lokacin da ta mutu, kafin ka sake taɓa makulli. Ka buɗe bonet, ka cire matatar iska da ke kan kafireta, ka leƙa maƙogwaronta, ka ja totur da hannu. A kafireta mai lafiya za ka ga ɗan siririn fetur ya tsarto cikin maƙogwaron. In ya tsarto da ƙarfi, to akwai mai a ƙoƙo, sai mu koma neman matsalar a ɓangaren wuta. In bai fito ba, ko ya ɗigo kawai, ƙoƙon ya ƙafe, kuma laifin yana tsakanin tanki da kafireta. Daga nan ka zagaya baya ka buɗe murfin tanki a hankali kana saurare. In ka ji iska ta shiga da ƙara, hanyar numfashin tankin ce ta toshe: famfo yana zuƙe mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har a kai inda famfon ba zai iya zuƙowa ba. Wannan ita ce mafi sauƙin gyara, kuma zanzaro kan gina ɗakinsa a bakin irin wannan tiyo idan mota ta daɗe a ajiye.

In waɗannan ba su nuna komai ba, sai a auna famfon. Famfon 504 mai kafireta ba na lantarki ba ne, a jikin injin yake, kamshaf ne ke motsa shi, kuma a cikinsa akwai fatar roba da ƙananan bawul biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Ka cire tiyon da ke shiga kafireta ka sa bakinsa a kwalba mai haske, ka cire wayar kwayil don kada wuta ta tashi, wani ya buga maka makulli. Ya kamata man ya riƙa fitowa da ƙarfi, bugu bayan bugu, babu kumfa. Bayan haka ka ɗauko jarka da fetur mai tsafta, ka jona tiyo daga jarkar kai tsaye zuwa mashigar famfon, ka maimaita. In daga jarka man yana fitowa da ƙarfi amma daga tanki yana fitowa da rauni, famfon ba shi da laifi, laifin yana cikin tanki ko bututunsa. Ni inda hankalina ya fi karkata ke nan, saboda ka ce motar ta daɗe da ragowar mai a ciki.

Duk wannan aikin a fili za a yi shi, ba a cikin rufaffen gareji ba, ba mai shan taba a kusa, kuma da abin kashe gobara a gefe.

Direban Funtuwa:

Ranka ya daɗe Baba, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ina ganin bai kamata a manta da zafi ba. Na daɗe ina jan 504 wagon a hanyar Funtuwa zuwa Kano, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan matsalar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Fetur ba kamar ruwa ba ne da sai ya kai digiri 100 yake tafasa. Akwai ɓangarensa mai sauƙi da ke fara zama tururi tun a zafin da bai kai rabin haka ba. Famfon da ke jikin injin zuƙowa yake yi daga tankin da ke can baya, kuma zuƙowar kanta tana ƙara sauƙaƙa wa man zama tururi a cikin bututu. Da zarar tururi ya cika famfon, sai ya riƙa bugawa a banza, ba abin da yake turawa. Jiran minti 10 da Malam ya ambata ya yi daidai da lokacin da famfon ke hucewa.

Gwajinsa ba ya cin ko kwabo. Idan ta mutu, ka jiƙa tsumma da ruwan sanyi ka ɗora a kan famfon da bututun da ke kusa da shi. In ta tashi nan da nan, ba tare da dogon jira ba, zafi ne. Sai ka bi bututun man ka ga ko an taɓa sauya masa hanya ya kusanci salansa ko ya kwanta a jikin injin. Ka kuma lura ko matsalar tana faruwa da asuba ko da dare. In tana faruwa a sanyin safiya ma, to maganar Baba ta fi tawa ƙarfi.

Mai Wayarin:

Ni aikina wuta ne, kuma abin da zan ƙara shi ne kwayil ko kondensa da suka tsufa suna iya yin aiki a sanyi su gaza idan sun yi zafi, su dawo bayan sun huce, daidai yadda aka bayyana. Bambancin shi ne matsalar wuta takan yanke injin farat ɗaya ko ta sa ya riƙa harbi ta salansa, yunwar mai kuwa a hankali take rage ƙarfi. Duk da haka, a lokacin da ta mutu ka duba ko tartsatsin wuta shuɗi ne mai ƙarfi.

Game da famfon lantarki, ina roƙonka ka yi hattara. Kafireta tana buƙatar matsin da bai wuce bar 0.2 zuwa 0.3 ba, famfunan motocin zamani masu injekta kuwa suna turawa da kusan bar 3. In aka ɗaura irin wannan, allurar fulot, wadda ke tsayar da mai idan ƙoƙon ya cika, ba za ta iya riƙe man ba, zai cika ƙoƙon ya malalo a kan injin mai zafi. Ko da famfo mai ƙaramin matsi aka samo, dole a yi masa fis da rile, kuma a haɗa shi ta yadda zai tsaya idan injin ya mutu.

Magajin Fijo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi gwaje-gwajen kamar yadda Baba ya jera. Da ta mutu, na ja totur da hannu, ba abin da ya tsarto. Murfin tanki bai yi wata ƙara ba. Tartsatsin wuta shuɗi ne mai kyau. Jiƙaƙƙen tsumma bai rage lokacin jira ba, kuma da na fita da ita bayan sallar asuba, haka ta yi.

A gwajin kwalba ne abin ya fito fili. Daga jarka man yana fitowa da ƙarfi. Daga tanki kuwa ya fara da ɗan ƙarfi, sannan ya koma ɗigo-ɗigo da kumfa, launinsa kamar shayin da ba madara, warinsa kuma irin na tsohon fenti. Da na ajiye kwalbar ta natsu, sai na ga jan gari ya kwanta a ƙasa, da ɗan ruwa da ya ware daga man. Mun buɗe murfin famfon, muka tarar rariyar da ke ciki ta cika da ɓarɓashin tsatsa, har ana kankaro shi da farce. Guntun tiyon robar da ke fitowa daga tanki shi ma ya bushe ya tsattsage, in aka lanƙwasa shi ana ganin tsagar. Baba, yanzu tambayata ita ce: wanke tankin zai wadatar, ko sai na nemi wani?

Tsohon Bakanike:

Madalla. Abin da ke faruwa shi ne, yayin da famfo ke zuƙa, ɓarɓashin tsatsa yana taruwa a bakin bututun da ke cikin tanki har ya toshe shi. Idan injin ya mutu zuƙar ta saki, sai ɓarɓashin ya zube ƙasa hanya ta buɗe. Dalilin jiran minti 10 ke nan. Tsagaggen tiyon kuma iska yake shigarwa, ita ce kumfar da ka gani, kuma tunda a ɓangaren zuƙa yake, zai iya shan iska ba tare da ka ga ɗigon mai a ƙasa ba. Tsatsar kanta daga ruwa ta samo asali: tankin da ba a cike yake ba yana tara raɓa a bangonsa, ruwa kuma ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa yana cin ƙarfe. In ragowar man nan ya haɗa da wanda aka sha fama da shi a farkon 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima, to shi ma yana jawo ruwa kuma yana lalata tsohuwar roba.

Sai an sauke tankin gaba ɗaya. Wanke shi a jikin mota ɓata lokaci ne. A juye man da ke ciki, a cire gejin mai, a leƙa da tocila, ba da ashana ko fitilar kwan lantarki mai zafi ba. In tsatsar ta sama-sama ce, a zuba guntun sarƙa ko notuna da ruwan sabulu a girgiza sosai, a ɗauraye har ruwan ya fito fes, a ƙirga notunan a tabbata duka sun fito, sannan a shanya shi a rana ya bushe ƙarau kafin a mayar. In ƙarfen ƙasan ya yi laushi ko ya fara huda-huda, ka nemi wani tankin a kasuwar Panteka ta Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano, amma ka leƙa cikinsa kafin ka biya, domin shi ma tsoho ne. Kada ka yarda a kai tankin wurin mai walda don an juye man. Tururin da ya rage a ciki shi ne ke fashewa, kuma yana daɗewa fiye da yadda mutane ke zato.

Bututun ƙarfe da ya taso daga baya zuwa gaba a cire bakinsa biyu a busa shi da iskar masu faci. Kada a busa iskar ta cikin famfon, za ta fasa fatarsa. Duk tiyon roba a sauya shi da wanda aka yi domin fetur, da sababbin kilif, ba tiyon ruwa ba. A sa sabuwar filta mai haske kafin famfo, ka riƙa duba ta, ka ajiye wata a cikin but, domin a makonnin farko ragowar gari zai ci gaba da fitowa. Famfon da kansa, ko da yake yana turawa, fatarsa ta yi shekaru cikin ruɓaɓɓen mai, don haka ka zaro gejin baƙin mai ka sansana: in kana jin warin fetur ko ka ga man ya haura alama, fatar ta fashe tana zubar da fetur cikin injin, sai a sauya famfon da baƙin man tare. Kafiretar ita ce ta ƙarshe. Bayan an gama duk wannan a buɗe ta sau ɗaya, a wanke 'yar rariyar da ke mashigar mai da ƙoƙon, a busa jet da iska ba tare da an zura musu waya ba, a duba allura da tsayin fulot, a sa sabon gasket a rufe.