Dokokin mutuwa ɗaya a Elite Dangerous, yadda muka tattauna

Jiya da daddare a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura muka sha gardama kan buga Elite Dangerous, gem ɗin tuƙa jirgin sararin samaniya, da rai ɗaya, wato in jirginka ya tarwatse shikenan, ka goge komai ka dawo Sidewinder, ƙaramin jirgin da ake farawa da shi, da kuɗin gem 1,000 kamar sabon shiga. Gem ɗin bai tilasta maka ba, kai ne za ka ɗaure kanka, ba kamar gem ɗin No Man's Sky da ya zo da nasa tsarin na rai ɗaya tun 2017 ba.

Abin da kowa ya yarda da shi, kar ka biya inshorar nan ta kashi 5 cikin ɗari na kuɗin jirgi ka sake karɓar jirginka bayan ya tarwatse, in ka biya to wasan yara kake. Sannan ba kashe gem a tsakiyar faɗa don ka tsira, wannan ha'inci ne ƙarara.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar wuta da netwok. Wani ya ce in aka ɗauke wuta kana sauka tasha jirgi ya daki bango ai ba laifinka ba ne, wani ya ce a'a malam ƙaddara ce kawai, ka goge. Ni dai ina bayan na farko, mu da ke fama da janareta ina mu ina wannan tsaurin, sai dai ka faɗi gaskiya kar ka laƙa wa wuta ganganci naka.

In mai ya ƙare maka a sarari kiran Fuel Rats, 'yan wasan da ke kai wa mutum mai, ya halatta, amma sau ɗaya tak.