Abin da masu keke mai ninkuwa suka ce a duba kafin saye

Mahaya da masu gyaran da suka yi musayar ra'ayi kan keke mai ninkuwa sun fi tsayawa a kan girman taya, domin shi ke yanke yawan wurin da keken zai ci in an ninke shi. Keken Brompton, wanda Andrew Ritchie ya tsara a Landan a 1975, galibi tayarsa inci 16 ce. Tayar baya takan shige ƙarƙashin jikin keken, sarƙa ta koma ciki inda ba za ta shafa wa riga baƙin mai ba, har keken ya shiga ƙarƙashin tebur. Yawancin kekunan kamfanin Dahon kuwa tayarsu inci 20 ce, kuma a tsakiya suke ninkewa gida biyu. Sun fi cin wuri, amma sun fi jure gargada, abin da a ganina ya fi muhimmanci ga wanda hanyarsa ke da ramuka.

Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne mahaɗar da keken ke ninkewa. Sun ce a riƙe birkin gaba a jijjiga keken, in an ji ƙwas-ƙwas ko an ga tsaga kusa da walda, kada a hau sai an gyara. A riƙa share ƙura daga maƙullin mahaɗar ana ɗiga masa mai, sannan a lura kada wayar birki ta lanƙwashe wajen ninkewa.

An kuma ja hankali kan nauyi, domin keken da ya kai kilo 12 yana gajiyar da hannu a matakala, don haka mai saye ya ɗaga shi a ninke kafin ya biya kuɗi.